Alarammanmu ma marubuci ne, daraja ce ba mu ba shi ba

Zaman Chaina ya sa na gane mun yi sake da masu rubutun hannu na gida, kuma wallahi abin yana min ciwo.

Mutanen nan ba sa wasa da rubutu. Akwai wani Wang Xizhi da ya yi wani ɗan rubutu a shekarar 353 lokacin da suka taru da abokansa a kusa da Shaoxing, na asalin ma ya ɓace tuntuni, kwafe-kwafe ne suka rage, amma har yau ana kwaikwayon hannunsa harafi bayan harafi. A da in kana son aikin gwamnati sai ka zauna jarrabawar sarki wadda ba a soke ta ba sai 1905, kuma mai mummunan rubutu da wuya ya kai labari. Shi ya sa irin su Su Shi za ka ga mutum ɗaya ne ma'aikacin gwamnati, shi ne mawaƙi, shi ne mai zane.

Da sassafe a wuraren shaƙatawa za ka ga dattijo da ƙaton burushi da bokitin ruwa yana rubutu a kan daɓe, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya bushe, mutane kuma sun tsaya suna kallon yadda yake juya hannu.

To mu fa? Alaramma zai zauna a zaure da alƙalamin gamba da tawadar da ya dafa da kansa, ya rubuta izu sittin da ka, ba ya duba littafi, ya bi ya sa wasali da ja, ya yi zayyana, watanni yana abu ɗaya. Don Allah wanne ya fi wannan wuya? Amma in ya gama sai a tsaya ana taya shi kamar kayan gwanjo. Nan Chaina kuwa kowane marubuci yana buga hatiminsa ja a jikin takarda, bayan shekara dubu an san hannun wane ne. Namu da yawa ko sunansu ba a sani ba, in ka cire irin su Sharif Bala Gabari na Kano.

Na san za a ce ai don Allah suke yi. Haka ne, amma alaramma yana da iyali, kuma ɗansa yana ganin abin da rubutun ke kawowa gida. Yaran Chaina tun firamare ake ba su burushi a aji, mu yaron boko a Kano zai gama sakandare bai taɓa fiƙe alƙalami ba, ga gwani nan a bayan layinsu ba wanda ya taɓa gayyato shi makarantar.