Ranar da kyanwar Sawakin ta amsa mini sallama

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, na kai wa kawuna ziyara a Port Sudan. Tun muna yara ake ba mu labarin kakanmu da ya tafi Makka a ƙafa, ya shiga jirgin ruwa a Sawakin, tsohon garin tashar jirage da ke kan wani tsibiri a gaɓar Sudan, ya haye Jidda. Sai na ce lallai in ga wurin da idona.

Da zan fita Kawu ya ce, "Ɗana, abu ɗaya zan gaya maka. Kada ka kori kyanwa a tsibirin nan." Wai mutanen wurin na cewa nan Annabi Sulaimanu ya tsare aljanu, kuma kyanwoyin garin ba duka ne kyanwoyi ba. Na yi murmushi irin na wanda ya yi boko, na ce, "To, Kawu."

Tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, kudu da Port Sudan. Tsibirin ɗan ƙarami ne, zagayayye kamar faifai, a wani lungu na Bahar Maliya, kana takawa da ƙafa ka shiga ta hanyar da aka cike a 1877, zamanin Gordon, Baturen Ingila da ya yi gwamnan Sudan. Turkawa sun riƙe shi tun 1517, Masarawa suka karɓa a 1865, Usman Digna, kwamandan mayaƙan Mahadi na Sudan, ya sha gwabzawa da Turawan Ingila a bakinsa. Amma ba yaƙi ne ya kashe garin ba. Mashigar ruwansa ce ta yi wa manyan jirage ƙunci, aka buɗe tashar Port Sudan a 1909, 'yan kasuwa suka tattara komatsansu. Benayen da aka gina da dutsen murjani na cikin teku, iska da gishiri suka yi ta cinsu har suka zube. In ka cire masallatan Hanafi da Shafi'i da Turkiyya ta gyara, yawanci kufai ne. Mutanen da na gani ba su kai yatsun hannu ba. Kyanwoyi kuwa, kamar ranar kasuwarsu.

Na sayo soyayyen kifi a bakin gari, na samu inuwar wani rusasshen bango na zauna. Ban kai loma ta biyu ba sai ga wata baƙa ƙirin ta zo ta tsuguna a gabana. Ba ta yi kuka ba, ba ta kalli kifin ba. Ni take kallo.

Boko ya fara sulalewa. Na ce bari dai in yi ladabi, ai sallama ba ta ɓaci. Na ce, "Salamu alaikum."

Sai na ji, a fili, da Hausa tsantsa: "Wa alaikumus salam. Malam, a sammana kifin mana."

Jama'a, ban san ina da gudu haka ba. Na watsar da kifin, na bar takalmi ƙafa ɗaya, ina son Ayatul Kursiyyu bakina yana kawo addu'ar shiga kasuwa. Dutsen murjani kuma kaifi gare shi kamar fasasshiyar kwalba. Na yi tuntuɓe na faɗi, wandona ya yage tun daga gwiwa.

Ina kwance sai ga wani dattijo ya zagayo daga bayan bangon, takalmina a hannunsa, dariya har da hawaye. Ashe Bahaushe ne masunci, haifaffen Sudan, jikan alhazan da guzuri ya ƙare musu a hanya. Yana gyaran koma ya ji ni ɗazu ina waya da Hausa.

Na ce, "Haba Baba, ai sai ka kashe ni!"

Ya ce, "Kai da ka gaida mage ka bar mutum?"

Muka koma neman kifin. Ta cinye tas, ƙaya kawai ta bari, ta koma ta tsuguna inda na tashi. Na kalli dattijon na ce, "To ita wannan ta waye?"

Ya daina dariya, ya ƙura mata ido. Ya ce, "Shekarata talatin a bakin ruwan nan, yau na fara ganinta."