Kafin ku tura bidiyon "masanin makamashi", ku ɗan gwada shi

'Yan uwana matasa, musamman ku da ke cika ɗakunan taro a otal-otal na Wuse da Maitama, wata ɗabi'a ta kama mu. Da zarar mutum ya fito a talabijin an rubuta "masanin harkar makamashi" a ƙarƙashin hotonsa, sai mu ɗauki maganarsa yankan wuƙa, mu yanko bidiyon mu watsa a WhatsApp. Ba mai tambayar wa ya naɗa masa wannan rawani. Galibi ƙungiyar da ta turo shi ce ta rubuta laƙabin, gidan talabijin ya kwafa.

Harkar nan faɗi gare ta. Injiniyan da ke kula da manyan layukan wuta daban, mai lissafin farashi daban, lauyan da ya narke a dokar man fetur ta PIA ta 2021 shi ma daban. Wanda ya yi digirin dakta a fannin siyasa dakta ne, ba musu, amma digirin bai koya masa taransfoma ba. In ya kira kansa injiniya, hukumar COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista, a nemi sunansa can. Ƙungiyarsa kuma a duba ta a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi.

Takarda ma ba ta isa ba, ku saurari lissafinsa. Gwaji mafi sauƙi shi ne ko yana bambance kilowat da yunit. Kilowat ƙarfi ne, yunit kuwa adadin wutar da aka sha, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, abin da mitarku ke ci. Faifan sola mai kilowat 1 a Abuja yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini, domin rana mai cikakken ƙarfi ba ta wuce 'yan awoyi ba, kuma hazon hunturu da gajimaren damina na rage ta. Injin gas mai wannan ƙarfi, in ya samu gas ya yini ya kwana yana aiki, zai kai yunit 24. Saboda haka duk wanda ya ce tashar sola mai megawat 100 za ta maye gurbin tashar gas mai megawat 100, bai kuma ambaci kuɗin batir ba, ko dai bai sani ba ko yana ɓoyewa. Haka shi ma mai tallar gas da ya yi shiru kan bashin da masu kawo gas ke bin tashoshi, da fasa bututu. Kowane ɓangare da abin da yake binnewa.

Sai lambar da kowa ke jifa da ita: a Najeriya an girka injinan da za su ba da megawat kusan 13,000, amma abin da ke isowa yana yawo tsakanin 4,000 da 5,000. Ku tambaye shi ina sauran ya maƙale. Mai sani zai rarrabe muku: ƙarancin gas a tashoshi, raunin layukan TCN, kamfanin dakon wuta wanda har yau na gwamnati ne, da kamfanonin rarrabawa 11 da aka fara miƙa wa 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, waɗanda ke asarar wuta a tsofaffin wayoyi, ba sa kuma iya karɓo kuɗin duk abin da suka raba. Wanda amsarsa kullum ita ce "a gina sabuwar tasha", ku tuna masa cewa Zungeru mai megawat 700 tana nan a watan Oktoban 2024, amma da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama suka yi kwanaki cikin duhu.

Yanzu maganar kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Karɓar tallafi daga gidauniyar Turai ko daga kamfanin mai ba laifi ba ne, ɓoye shi ne abin tuhuma. Ku nemi rahoton shekara na ƙungiyar, ku ga masu ba ta kuɗi. Amma kada ku wuce gona da iri: mai ɗaukar albashi yana iya faɗin gaskiya, kuma mutumin Neja Delta da ya girma kusa da wutar gas da ake ƙonawa a sarari ba ya buƙatar digiri kafin ya faɗi abin da hayaƙi ya yi wa ƙauyensu. A kan wannan shaida ne shi, a kan lissafin farashi kuwa a'a.

Tambayar ma da ladabi ake yi. "Ranka ya daɗe, daga wane rahoto aka samo wannan adadi, kuma na wace shekara ne?" ta fi zagi ɗari tasiri. Hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, na fitar da rahoto duk wata uku, NEITI na wallafa binciken kuɗin mai da gas, duk kyauta a intanet. In ya yi maganar ƙarin Afrilun 2024 da ya kai yunit naira 225, ya kamata ya faɗa cewa 'yan rukunin Band A ne abin ya shafa, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini. In kuma har yanzu yana cewa gwamnatin tarayya kaɗai ke da ikon tsara kasuwar wuta, to karatunsa ya tsaya kafin dokar lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi damar kafa hukumominsu.