Takobin Kwatarkwashi da Tsumman Gizo

Shekara 12 ke nan ina tara tsofaffin kayan yaƙi, kuma har yau uwargida ba ta yarda cewa ilimi nake nema ba, domin a wurinta ɗakin da nake kira ma'adana bola ce kawai da aka yi wa ƙofa da kwaɗo. A cikinsa akwai masu biyu, da kwari marar kibiya, da wata bindigar toka wadda bakinta ya toshe tun kafin a haife ni. Duk inda na ji magada za su fitar da kayan mamaci bayan rabon gado, nakan isa wurin tun ba su gama karin kumallo ba.

Wata ranar Asabar dillalin da na saba da shi ya kira ni yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata, ya ce akwai wani gida a cikin birnin Kano da za a sayar, wanda marigayin mai shi tsohon sojan Burma ne, kuma magada suna son a kwashe tarkacen zaure kafin mai saye ya zo da magina. Jin an ambaci Burma ya sa na bar shayina, domin na daɗe ina neman wani abu na runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943 kuma ta fafata da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944. Alamar wannan runduna baƙin gizo-gizo ne a kan ƙyalle rawaya, abin da ya sa nake ganin babu wanda ya fi Bahaushe cancantar ya ajiye ta, tunda da tatsuniyar Gizo aka yaye mu.

Da muka isa zauren, sai idona ya sauka a kan wani takobi da aka naɗe da tsumma mai datti, nan take na manta da Burma da abin da ke cikinta. Dillali ya zare shi daga kube a hankali, ya ce, "Alhaji, wannan ba na marigayi ba ne, na kakansa ne, kuma da shi aka je Kwatarkwashi." Duk mai bin tarihi ya san cewa a can ne dakarun Kano suka yi karo da sojojin Turawa a 1903, bayan an ci birnin a watan Fabrairu, kuma a can Waziri Ahmadu ya rasu. Maimakon in tambayi dillali inda ya samo labarinsa, sai na shiga yi masa lacca a kan yaƙin, shi kuwa yana gyaɗa kai, yana ƙara kuɗi a ransa da kowace jimla da na faɗa. Na taya naira dubu 40, babban ɗan marigayi ya ce albarka, na ƙara, ya sake cewa albarka, har muka tsaya a dubu 85, ban da la'ada.

Hanyar komawa gida ba ta yi daɗi ba. Takobin ya fi ƙarfin jakata, ƙotarsa ta leƙo daga adaidaita sahu, kuma a bakin unguwarmu 'yan sintiri suka tsayar da mu, suka sa ni, da furfurata da tabarau, na yi rabin sa'a ina rantsuwa cewa ni ba uban daba ba ne. Da kyar limamin masallacinmu ya cece ni, bayan ya shaida musu cewa ba ni da wata illa sai sayen tsatsa.

Washegari na kai takobin wurin wani tsohon maƙeri domin ya cire tsatsar ba tare da ya ɓata ƙarfen ba. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya duba gindin ƙotar, sa'an nan ya yi dariyar da ta sa yaransa suka daina zuga. Ya ce, "Malam, ai wannan aikin mahaifina ne, ga alamarsa nan. Da sifirin mota ya ƙera irinsu ga masu hawan Sallah, ni na riƙa yi masa zuga ina yaro." Na ce watakila kama ce, sai ya nuna mini gurbin ramin ƙusa da aka like, ya tambaye ni cikin ladabi ko da wace irin mota aka je Kwatarkwashi.

Na koma gidan magada da niyyar rigima, amma matar marigayi ta ƙarshe, tsohuwa mai tsabta da ke zaune a kan tabarma, ta kashe mini jiki. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka takobin yaƙi ne? Malam ya saye shi ne saboda hawan Daushe. Ni abin da ke damuna shi ne rigarsa ta soja da yaran nan suka naɗe shi da ita, wadda ya dawo da ita daga Burma, mai hoton gizo-gizo a hannu. Idan ba ka da buƙata, ka maido mini." Ban san lokacin da na sa takalmana a juye ba.

Na shiga gida ina haki, na tambayi uwargida inda tsumman da na jefar a tsakar gida yake. Ba ta ɗaga kai daga tuwon da take tuƙawa ba, ta ce, "Baban yara, a cikin duk tarkacen da ka taɓa kawowa, shi ne kaɗai ya yi amfani." Ta nuna mini shi a gefen murhu, an yanka shi gida huɗu domin sauke tukunya. Na tsugunna na bi su ɗaya bayan ɗaya, har na samu Gizo a kan na ukun, yana shan miyar kuka, da ƙafa biyar da rabi, sauran kuwa wuta ta cinye. Na wanke shi na kai wa tsohuwar, ta duba, ta ce in riƙe tunda matata ta riga ta ci gadon. Takobin kuma yana hannun uwargida, tana fasa kabewa da shi.