Sauro bai san dokar hana fita ba

Damina ta kankama, ɗakunan kwantar da yara a likitocin Yamai sun fara cika, sai ga wani a muhawarar rediyo yana cewa wai shekarar korona ta nuna mana hanya: da aka hana cuɗanya zazzaɓin cizon sauro ya lafa, don haka a rage taruka. Abin da ya fi ɓata mini rai, babu wanda ya katse shi.

Masassarar nan ba tari ba ce da za ka ja da baya mita ɗaya ka tsira. Macen sauro ce ke ɗauko ƙwayar daga jinin wani ta kai wa wani, kuma aikinta daga magariba ne zuwa asuba. Dokar da aka kafa a ƙarshen Maris 2020 ta tsare mu a gida daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, wato daidai lokacin da take farauta. Ina ruwanta da an rufe masallaci ko fada?

Sauƙin da malamin yake tunawa kuwa, na bazara ne. Afrilu a Yamai, kududdufai sun ƙafe, wane sauro? A watan Mayu aka sassauta dokokin, tun ruwa bai zauna ba. Ya je ya tambayi mutanen unguwannin Saga da Lamorde abin da suka gani bayan kogin Isa ya cinye gidajensu a watan Satumba, iyalai jibge a makarantu, wasu ko sange babu.

Za a ce ai rajistar wasu likitoci ta nuna ragi. Rajista wanda ya zo take ƙirgawa. A lokacin, uwa na ganin jikin ɗanta ya yi zafi, tsoronta kada a ce korona ce a killace su. Sai ta sayi ƙwaya wurin mai tebur, ta jiƙa ganyen dogon yaro, ta jira. Na san gidan da aka yi wannan jiran har yaron ya fara suma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum dubu 627 cutar ta kashe a 2020, ƙarin dubu 69 a kan 2019, kuma kusan dubu 47 daga cikin ƙarin ta danganta su da tsaikon rabon sange, gwaji da magani. Mafi yawansu yaran Afirka ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Nan ne kullen ya taɓa masassara: ya raba mara lafiya da mai magani.

Idan wata annoba ta sake zuwa, a rufe abin da ya kamata a rufe, amma kada a taɓa masu bi gida gida suna bai wa yara maganin rigakafin damina daga Yuli zuwa Oktoba, kada kuma zazzaɓi ya sake zama abin ɓoyewa. A bana kuwa, ya kamata magajin gari ya fara da lambatun da suka toshe tun ruwan farko.