Mako na Uku Ne Nasu, Kada Mu Bar Su Su Kaɗai

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa. Abin da zan faɗa muku a gefen katifar Yayata na koye shi, lokacin da take karɓar maganin kansar mama, wanda ake ce wa kemo. Zagaye shida likita ya rubuta mata, duk bayan kwana 21. A watanni huɗun nan na ga yadda muke ƙaunar namu da gaske, amma sai mu kai ƙaunar a ranar da ba ta dace ba.

Kwana 21 ɗin nan ba iri ɗaya ba ne. Daga ranar da aka ɗaura ruwan maganin zuwa kwana uku ko huɗu, tashin zuciya ne da kasala, baki ba ya jin ɗanɗano, ƙamshin girkin maƙwabta ma damuwa ne. Maganin yana kai hari ga duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa a jiki, ta kansar da ta ɓargo da ta tushen gashi da ta cikin baki, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ke yin gyambo. Daga wajen kwana 7 zuwa 14 fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suke yin ƙasa sosai, har murar da kai ba za ta hana ka zuwa kasuwa ba tana iya kwantar da mai kemo a gadon asibiti. Sai a mako na uku jiki ke farfaɗowa, mutum ya nemi abinci da bakinsa, ya so hira.

To mu me muke yi? Ranar da aka dawo daga asibiti ɗaki ya cika maƙil. Wannan da turarensa, wancan yana tari, waccan ta goyo yaro mai majina. Mara lafiya ta daure ta tashi zaune saboda kunya, tana amsa "ya jiki?" da "da sauƙi" har muryarta ta dushe. Mako na uku kuwa, lokacin da take iya zama a tsakar gida ta yi dariya, sai gidan ya yi tsit, domin kowa yana ganin ya riga ya sauke nauyi. Na ga Yaya tana ɗaga kai duk sanda ƙofa ta motsa, kuma har yau abin yana taɓa ni.

Dubiya haƙƙi ce, tana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa da suka zo a Bukhari da Muslim. Amma don mara lafiya aka yi ta, ba don a ce wane ya zo ba. Kafin ka ɗauko takalmi, kira mai jinya ka tambaya yau kwana nawa da ɗaura magani. In makon farko ne ko na biyu, saƙon murya ya isa, sauran ka mayar da shi aiki: kai yaranta makaranta, aika kunu, ɗauke wa mai jinya kwana ɗaya ta yi barci. Kuɗin mota ma babban abu ne, domin wuraren da ake wannan magani kaɗan ne, irin su Shika da Kano da Sakkwato da Abuja, mutumin Damagaram kuma tafiyar kusan kilomita 900 ke gabansa in Yamai aka tura shi. Kai mai ƙarfi a jika, je ka ba da jini, domin in jini ya yi ƙasa akan ɗage zagaye na gaba. A sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye, in ya kai 38 a wuce asibiti ko tsakar dare ne, kada a tsaya kemis.

In mako na uku ya zo, zo da kanka. Wanke hannu, zauna, ku ci tare. Kansa ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, wanke hannun don kare mara lafiya ne daga abin da kai ka ɗauko. Ka ce "La ba'asa, ɗahurun in sha Allah", sannan ka bar zancen ciwo. Don Allah a daina kawo labarin wance da irin wannan ciwon ya kashe, a daina cusa jiƙe-jiƙen da likita bai san da su ba. Wata rana Yaya ta ce wa ƙawarta, "Haba Hajiya, daina kallona kamar na riga na tafi, ba ni labarin gari." Daga nan suka shiga zancen bikin da za a yi a unguwa da tsadar atamfa, na ji dariyarta daga zaure.

Kai kuma ɗan uwana da ke shan maganin, na san al'adarmu ta ɓoye ciwo, musamman mu maza, ga tsoron bakin mutane. Ba sai duniya ta sani ba, amma zaɓi mutum biyu ko uku ka faɗa musu gaskiya, ka faɗa musu abin da kake buƙata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kana da damar cewa yau ba ka iya ganin kowa. Ranar da ƙarfi ya dawo kuma kada ka ƙarar da ita kana lissafin kwanakin komawa asibiti. Leƙa majalisa ko na rabin awa ne, je ka gaishe da Mama, kira wanda kuka daɗe ba ku magana.

Ana saura kwana uku zagaye na biyar, Yaya ta ce a kai ta wurin kakarmu. Ta ɗaura kallabi a kan da babu gashi, ta zauna a tabarma tana jefa ɗanwake a tukunya, 'ya'yanta suna ta kai da kawo, kaka tana faɗin ta cika kanwa. Sai bayan magariba muka taso. Ranar Litinin da asuba muka kama hanyar asibiti, tana ba ni labarin ɗanwaken har muka isa.