Otal ɗin da aka gina don hoto, ba don mutum ya kwana ba

Dan Allah masu gina sababbin otal ɗin 'yan gayun nan a Kaduna, waɗanda kuke cika mana Instagram da Facebook da tallansu wai ga tsari ga araha, akwai wanda a cikinku ya taɓa zama ya tambayi kansa waye zai kwana a ɗakin nan kafin ku kwaso zane daga Turai ku dasa mana? Wallahi raina a ɓace yake, kuma ba kuɗin ne suka fi ƙona min rai ba duk da su ma sun ƙona, abun da aka sa tsohona ya gani ne.

Daga Funtua na kawo Baba aikin yanar ido a asibitin ido na ƙasa da ke hanyar Mando. Muna da 'yan'uwa a Rigasa da Tudun Wada, kuma kowa ya san mu ba mu saba zuwa gari mu wuce gidan dangi mu kama otal ba, har sai da ƙanwar Baba ta yi fushi da ni. Amma gidanta ɗaki biyu ne da yara cike, ga ƙura ga hayaƙin girki, likita kuma ya ce idon da aka yi wa aiki ba ya son ƙura, ba ya son ruwa ya shiga, kuma a riƙa ɗiga magani a kan lokaci. Shi yasa nace bari in daure in samo mishi wuri mai tsabta da natsuwa. Na duba intanet na ga wannan otal ɗin, irin masu rassa a Abuja da Legas ɗin nan, hoto kam ba a magana, bango fari tas, katako mai sheƙi, fitilu masu ruwan zuma, gadaje biyu, an rubuta naira dubu 35 kwana ɗaya. Na kama.

Tun a risepshan aka fara. Dubu 35 ɗin nan ta koma dubu 41 da 'yan kai, wai harajin VAT kashi 7.5 da kuɗin hidima kashi 10. Harajin na sani, tun Fabrairun 2020 gwamnati ta ɗaga shi daga kashi 5, ban ce kar a biya ba, amma me ya hana ku haɗa shi cikin farashin da kuka rubuta da manyan baƙi? Sai mutum ya taso daga wani gari da mara lafiya a hannu, ba shi da inda zai juya, sannan a ce mishi ai yana can ƙasan shafi da ƙananan rubutu. Bayan wannan aka ce sai na ajiye wasu dubu 10 ko da za mu fasa wani abu, za a mayar min ranar fita. Mun iso da hantsi, aka ce ɗaki sai ƙarfe biyu na rana, idan muna so yanzu sai mu ƙara rabin kuɗin kwana. Nace baiwar Allah dubi dattijon nan, sanda a hannunsa, tun asuba muke hanya. Tace Alhaji ka yi haƙuri kwamfuta ce ba za ta buɗe ba. Haka Baba ya zauna a wata kujerar gayu ƙasa-ƙasa da ba ta da wajen jingina baya, kiɗa na tashi a kansa, samari da 'yan mata suna ta ɗaukar hoto a jikin bangon da aka jera wa furannin roba, da zai tashi sai da na ɗago shi da hannu biyu.

Toh duk wannan da sauƙi. Muna buɗe ɗaki na ga abun da ya sa jikina ya yi sanyi. Banɗakin na gilashi ne. Gilashi garai-garai tun daga ƙasa har silin, an ɗan shafa wani hazo-hazo a tsakiya da bai kai faɗin tabarma ba, wanda yake kan gado yana ganin kai da ƙafafun wanda yake ciki, idan aka kunna fitilar ciki kuwa inuwar mutum gaba ɗaya ce take fitowa. Ƙofar ma ta turawa ce, ba sakata, ga rata sama da ƙasa, duk wani motsi ana ji. Kuma fa ɗaki mai gado biyu ne, wato su da kansu sun san ba mata da miji ne kaɗai za su kama shi ba, wa da ƙani za su kama, abokan kasuwanci za su kama, ɗa da uba za su kama. A ƙasar Hausa, inda ɗan fari ko sunansa uwarsa ba ta faɗa saboda kunya, nan ne za ka sa ɗa da mahaifinsa a ɗaki ɗaya ka raba su da gilashi? Haba jama'a.

Baba bai ce komai ba da farko, ya tsaya yana shafa gilashin da tafin hannu don idon ba ya gani sosai, can yace, kai, nan ne makewayin? Nace eh Baba. Yayi shiru, yace to. Daga ranar duk lokacin da zai zaga sai in ɗauki wayata in fita baranda in tsaya, har da tsakar dare, kuma mutumin da ya kamata in riƙe wa hannu kar ya zame ne fa, don tayil ɗin ciki mai santsi ne, ba abun kamawa a bango, ruwan shawa kuma yana malalowa har bakin gado saboda ba a yi wa wajen wanka ko ɗan tudu ba. Ina tsaye a waje zuciyata tana bugawa ina kasa kunne ko zan ji faɗuwa. Daga baya na lura ya rage shan ruwa, a zafin Kaduna na watan Afrilu, don kawai kar ya riƙa tashina in fita. Wannan shi ne abun da ba zan yafe ba. Na nemi su ba ni labule ko zanin gado in rataya, aka ce dokar kamfani ta hana a liƙa komai a gilashi, sai na cire babbar rigata na maƙala da hanga, ita ce ta ɗan rufe rabi.

Sai maganar buta. Otal a Kaduna, a arewacin gari ma, babu buta. Babu ɗan tiyon tsarki a gefen masai, babu famfon ƙasa, babu bokiti, takarda kawai aka rataye. Na kira risepshan wani yaro ya zo da robar ruwa da aka yanke wa kai yana ba ni haƙuri, yace Oga wallahi kullum sai baƙi sun tambaya, mun faɗa wa na sama sun ce buta tana ɓata tsarin ɗaki. Ku ji fa. Butar da ba ta kai kuɗin kwalbar lemo biyu ba a Kasuwar Barci. Wajen wanke hannun kuma wani ɗan kwano ne aka ɗora kan katako, ya kai ƙirjin mutum, famfon sai ka kai hannu yake zubowa ya ɗauke da kansa, ta ina dattijo ɗan shekara saba'in da wani abu zai ɗaga ƙafa ya wanke a nan? A robar nan na riƙa tara ruwa ina zuba mishi yana alwala a tsugune cikin wajen wanka, alhali likita ya ce ya rage sunkuyawa. Na fita na sayo buta da bokiti da kuɗina. Da muka zo sallah, tsakanin gado da bango darduma ba ta shimfiɗuwa sai an naɗe gefe, gadajen kuma an kafe su da ƙasa ba sa matsawa, babu ko 'yar alamar alƙibla a silin, abun da ƙananan masaukai na Kawo da Unguwar Kanawa suke yi da fenti ko sitika. Bi da bi muka riƙa yin sallah a ɗan lungun bakin ƙofa.

Kar wani ya zo ya ce min ai otal ba na Musulmi kaɗai ba ne, na sani, Kaduna ta kowa ce. Amma wane Kirista ne buta a banɗaki ta taɓa cutarwa? Kuma wane ɗan Barnawa ko Sabon Tasha ne zai so ya yi wanka uwarsa tana kallonsa ta gilashi? Wannan ba maganar addini ɗaya ba ce, kamun kai ne da duk mutanen ƙasar nan suka sani.

Mu zo kan wuta. Tagar ɗakin ba ta buɗewa, gilashi ne aka liƙe dindindin, babu fanka a silin wai ita ma tana ɓata tsari, esi ne kawai. A can Turai inda suka kwaikwayo abun, wuta ba ta cika ɗaukewa ba kuma garin da sanyi, ginin ma akwai na'urar da take zagaya iska ko'ina. Mu nan fa? Ƙarfe ɗaya na dare NEPA suka ɗauke, janareto ya tashi ya yi ɗan lokaci aka kashe, aka koma inbata, inbata kuma ba ta ɗaukar esi, fitila ɗaya da soket ɗaya. Cikin rabin awa ɗakin ya koma kamar gidan burodi, Baba yana ta gumi, gumin yana gangarowa wajen bandejin idon, ni kuma ina mishi fifita da kwalin magani. Na sauka ƙasa da ƙafa don lifta ma ta tsaya, mai gadi yace manaja ya ba da umarni janareto ba ya wuce ƙarfe biyu saboda tsadar dizal.

Ban musa tsada ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, a Afrilun 2024 kuma aka kai wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, duk mai sana'a yana ji a jikinsa, kuma mun ga yadda Arewa ta kwana cikin duhu kwana da kwanaki a Oktoban 2024 da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. To wanda ya san haka ƙasarsa take, shi ne zai gina ɗakin da ba ya shaƙar iska sai da lantarki? Ku je ku dubi tsofaffin gidajen gwamnati na Unguwar Rimi da Malali, silin can sama, tagogi suna kallon juna, ga baranda ga itatuwa, wuta ta tafi ka buɗe taga ka yi barcinka. Baba da kansa yake ba ni labari a daren nan, yace ya zo Kaduna kallon hawan daba na FESTAC, bikin al'adun Afirka, a 1977, lokacin da aka gina Durbar Hotel wanda aka rushe a 2020, yace a zamanin ko masaukin direbobi ka sauka akwai taga da randar ruwa. Kuɗin da kuka kashe a fitilun ado da furannin roba da rubutun Turanci a bango, rabinsu ya isa ku sa fanka mai caji da taga mai raga a kowane ɗaki.

Fitilun ma abun haushi ne. Duk ɗakin babu farin ƙwai ko ɗaya, sai wani haske ja-ja da aka ɓoye bayan katako, mai kyau a hoto, amma ba ka iya karanta rubutun jikin kwalbar magani. Kala uku aka ba mu na ɗigawa, kowanne da lokacinsa, da tocilan waya a baki na riƙa buɗe idon Baba ina ɗigawa. Kuma wutar ɗakin gaba ɗaya a jikin katin buɗe ƙofa take, ka zare kati komai ya mutu, kati ɗaya suka ba mu, na biyu sai an biya. Ke nan idan zan fita sayo abinci ko dai in bar mishi katin in dawo in yi ta ƙwanƙwasa mara lafiya ya laluba ya buɗe min, ko in tafi da shi in bar shi a duhu ba esi. Abincin nasu kuwa biredi da ƙwai da wani ɗan kofi, babu koko babu ƙosai babu kunu, shayi ma sai ka sauka ka danna inji da kanka, babu butar dafa ruwa a ɗaki. Keke Napep na riƙa hawa zuwa Kawo ina sayo mishi kunun gyaɗa da tuwo, a ƙofa kuma mai gadi yana ce min ba a shiga da abincin waje, sai da muka ɗaga murya.

An ce araha ba ta ado, to wannan adon kaɗai ta yi. Na fahimci dabarar, a matse ɗaki a rage ma'aikata a rage kaya don farashi ya sauko, ba laifi ba ne, ni ma ɗan kasuwa ne. Amma sai ka duba me za ka rage. Su sun rage bango, sakata, fanka, buta, wajen rataye kaya, duk abun da baƙo yake buƙata, suka bar abun da kyamara take buƙata. Kuma dubu 41 a kwana ɗaya ba araha ba ce a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake dubu 70 a wata.

Ma'aikatan ban ga laifinsu ba, yaran mutane ne, yawancinsu 'yan garin nan, da ka yi magana sai su sunkuyar da kai don sun san gaskiya. Manaja kuwa ban taɓa sa shi a ido ba, kullum ya fita, aka ba ni wata lambar WhatsApp da inji ne yake amsawa da Turanci yana gode min.

Ban bari mun cika kwanakin da na biya ba, na kwashe Baba muka koma wani tsohon masauki a Unguwar Kanawa, ba shi da kyan hoto amma akwai ƙofar banɗaki ta katako da sakata, akwai fanka, akwai taga, mai wurin da kansa ya kawo mana darduma. Na nemi kuɗin kwanan da ba mu yi ba aka ce ba a mayarwa, dubu 10 ɗin ajiya kuma aka ce za a turo ta transfa cikin kwanakin aiki bakwai, wata ya wuce ban ga alat ba, na kira an ce hedikwata ce take biya ba reshe ba. Rasit ɗina yana nan, hoton banɗakin da na tagar suna nan, da saƙonnin da muka yi da su duka, kuma ranar Litinin in Allah ya kai mu zan shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, zan kuma haɗa da lambar ɗakin da sunan reshen.