Kafin a ƙara zuba duwatsu a Keta, a fara lissafin yashi

Duk sanda teku ta tashi ta shiga gidajen mutane a Keta ko Ada ko can wajen Agavedzi da Salakope, garuruwan gaɓar gabashin Ghana, abun da muke gani iri ɗaya ne, manya su je da jerin motoci, a raba katifa da shinkafa, sai a yi alkawarin katangar kare teku. Mu kuma nan Akra a Nima da Mamobi da Sabon Zango mu kalla a waya mu ce Allah ya kyauta mu wuce. Ni dai a ganina maganar katanga ta yi yawa, maganar yashi ta yi kaɗan, alhali yashin nan shi ne asalin zancen.

Ƙasar da Ada da Anloga da Keta suke zaune a kai kogin Volta ne ya gina ta. Shekaru dubbai yana kwaso yashi da laka tun daga Burkina Faso da arewacin Ghana yana saukewa a bakinsa a Ada, igiyar ruwa kuma a wannan gaɓar tamu a karkace take bugowa daga kudu maso yamma, sai ta riƙa tura yashin gabas a hankali, ya bi ta Keta ya wuce Aflao har Lome. Teku tana ɗiba kullum, kogi yana mayarwa. Da aka kammala dam ɗin Akosombo a 1965, aka ƙara na Kpong a 1982, sai ruwan ya ci gaba da wucewa amma yashin ya kwanta a ƙasan tafkin Volta, tafkin da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 8,500. Masu bincike sun kiyasta cewa mafi yawan yashin da ke isa bakin teku a da yanzu baya isowa. To teku kuma bata daina ɗiba ba. Kamar mai shago ne a kasuwar Makola da ake sayen kaya kullum amma mota ta daina kawo sabo, ko ya canza ƙofa ya sa ta ƙarfe shagon sai ya ƙare.

Kada wani ya ce ina zagin Akosombo ne, wutar da nake caja waya da ita ma wani kaso nata daga can yake. Kuma gaskiya Keta ta fara zaizayewa tun kafin a gina dam, tun zamanin Turawa ake kuka da ita, wanda ya je ya ga abun da ya rage na ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a 1784 ya san teku ta daɗe tana cin garin. Akwai dam, akwai tashar jiragen ruwa ta Tema, akwai masu tifa da ke kwasar yashin gaɓa suna sayar wa magina, akwai saran itatuwan bakin ruwa dan yin wutar banda kifi, ga kuma tekun kanta tana ƙaruwa saboda sauyin yanayi. Tambayar ita ce kowanne nawa ne kasonsa a ɓarnar, kuma idan aka taɓa wuri kaza me zai faru a wuri kaza. Wannan ba a amsa shi da ido ko da jawabin siyasa, lissafi yake so.

A nan ne kwaikwayon kogi a kwamfuta yake shigowa. Injiniyoyi suna zana kogin da bakinsa da gaɓar teku a kwamfuta, su yanka wurin gida-gida ƙanana, kowane gida a saka zurfinsa da irin ƙasarsa, sannan a ba kwamfuta yawan ruwan da ke saukowa daga Kpong, da cika da janyewar teku, da tsayin igiya da inda take fitowa, da girman ƙwayar yashin dan yashi mai kauri nan kusa yake faɗuwa laka kuwa sai ta yi nisa. Kwamfuta sai ta lissafa inda ruwa zai bi da gudunsa, inda zai kwashe da inda zai ajiye, ta yi gaba shekara goma ko ashirin. Akwai manhajoji sanannu na wannan aiki, Delft3D na cibiyar Deltares a Holan, da HEC-RAS na injiniyoyin sojan Amurka wanda kyauta ma ake sauke shi. Amfanin abun shine zaka iya gina katangar a kwamfuta tukuna ka ga wa zata ceta wa zata cinye, kafin a kashe ko sidi ɗaya a kan dutse.

Kuma mun riga mun ga abun da ke faruwa idan aka kare wuri ɗaya aka bar maƙwabta. Aikin kare Keta da aka kammala a 2004, wanda ya ci sama da dala miliyan 80, ya taimaki garin, wannan babu musu, har ƙasa aka dawo da ita. Amma waɗannan dogayen layukan duwatsu da ake miƙawa cikin teku aikinsu tare yashi ne, abun da suka tare kuwa rabon na gabas ne, sai zaizayar ta matsa gaba wajen Blekusu, aka yi wa Blekusu nata, sai ga kuka daga Agavedzi da Salakope da Adina, wanda ya tuna Nuwamba 2021 ya san yadda ruwa ya kori dubban mutane a wannan yankin cikin dare. Haka zamu yi ta bin teku da tifar dutse har mu kai iyakar Togo? Su ma can Lome tasu tashar jiragen ta tare yashi, gabashinta yana ta zaizayewa. Gaɓa ɗaya ce, yashi bai san boda ba.

Amma kuma kar a ɗauka kwamfuta boka ce. Abun da ka zuba mata shi zata dafa maka. Idan ba a auna zurfin bakin Ada a kai a kai ba, ba a ɗebi ruwa an auna yawan lakar da ke ciki a damina da rani ba, babu na'urar auna igiya a cikin teku, to hoton da zai fito zai yi kyau a taro amma ƙarya ce mai launi. Ana gwada ingancin lissafin ne da abun da ya riga ya faru, a ce mata fara daga shekara kaza ki nuna mana gaɓar yau, idan ta kasa to ba a yarda da abun da ta faɗa kan gobe. Anan ne nake ganin ya kamata kuɗi ya fara zuwa, wajen ma'aunai da albashin masu karanta su, aikin da ba a yanka masa kirtani ba a kiran 'yan jarida. Muna da mutanen, Farfesa Kwasi Appeaning Addo na Jami'ar Ghana a Legon ya daɗe yana bin gaɓar nan, har da jirgi mara matuƙi suka riƙa ɗaukar yadda teku ke cinye ƙauyen Fuveme, Jami'ar Cape Coast ma tana da cibiyar nazarin gaɓa. Sannan masuntan Ada da matan da ke tsintar kumba a kogin sun san inda tudun yashi yake shekarun baya da inda ya koma, wannan sani ne da ya kamata a zauna a rubuta shi a haɗa da hotunan tauraron ɗan adam.

Abun da ya faru a 2023 ma ya isa darasi. Da VRA, hukumar da ke kula da dam ɗin, ta fara sakin ruwan Akosombo a watan Satumba saboda tafkin ya cika, Mepe da Battor da Sogakope da ƙauyukan kewaye suka nutse, sama da mutum 26,000 suka bar gidajensu. Lissafin da zai faɗa maka inda yashi ke zuwa shi ne dai zai faɗa maka idan aka saki ruwa kaza wace unguwa zai shiga kuma cikin awa nawa, kuma irin wannan taswirar bata da amfani idan tana cikin durowar ofis, sai an kai ta hannun sarakuna da 'yan asambile da limamai da fastoci da yaren da mutane ke ji.

Mu 'yan Akra ma abun a ƙofarmu yake, sai dai namu a juye. Can yashi ya yi ƙaranci, nan ya yi yawa a inda ba a so. Ƙasar da ruwan sama ke wankewa daga titunan da ba kwalta da filayen gini, haɗe da bolar da muke zubawa a gota, ita ke gangarawa kogin Odaw ta toshe tafkin Korle, a yashe bana baɗi ta dawo. Ba mu manta 3 ga Yuni 2015 a Circle ba, ranar da ambaliya da gobara suka kashe mutum sama da 150. Ga kuma bakin kogin Densu wajen Glefe da Bortianor inda ake cike fadama ana gini.

Nasan wani zai ce, malam, wanda ruwa ke cikin ɗakinsa yau lissafi zai jira? Yana da gaskiya, kuma inda rai ke cikin haɗari a yi aikin gaggawa, ban hana ba. Amma shekara nawa muna gaggawa? Holan da ta fi kowa sanin katanga, a 2011 yashi ta zuba, mita kubik miliyan 21.5 a wuri ɗaya kusa da Hague, bayan ta lissafa yadda igiya zata rarraba shi da kanta a gaɓar. Ban ce mu kwafa ba, igiyarmu daban aljihunmu daban, amma ya kamata a gwada irinsa a kwamfuta a kan Keta, a gwada dasa itatuwan bakin ruwa wajen Anyanui, a gwada hana tifa, a gwada har da abun da ba mai son faɗa, wato wasu ƙauyukan sai dai a nema musu wuri a tudu da mutunci da diyya tun kafin teku ta tashe su da dare.

Yanzu da Ghana ke cikin shirin WACA na Bankin Duniya kan gaɓar Afirka ta Yamma, ga kuma sabuwar hukumar kula da harkar ruwa da aka kafa a 2022, abun da nake so 'yan majalisarmu su nema ƙarami ne. Duk kwangilar kare teku da za a kawo, a haɗo ta da lissafin da ke nuna me zai samu garuruwan da ke gabas da ita nan da shekara ashirin, a buga shi kowa ya gani, a bar jami'o'inmu su duba su ce ya yi ko bai yi ba, sannan a saki kuɗin dutse.